DUNIYOYIN DA BA SU DA RANA

A zangon karatun da ya wuce aka aike ni duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Sabo. Na shiga aji 6, na zauna a bencin baya, na tarar ɗalibinmu yana koyar da labarin ƙasa. Ya ɗaure ɗan dutse da igiya yana wulwulawa bisa kansa kamar majajjawa, yana cewa, "Hannuna shi ne Rana, dutsen nan shi ne Duniya, igiyar nan kuwa ita ce ƙarfin da Rana ta ke jawo Duniya da shi." Yara sun natsu, darasi yana tafiya daidai. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in igiyar ta tsinke fa?" Aji ya fashe da dariya. Ɗalibinmu ya ce, "Ba ta tsinkewa. Kowace duniya tana da ranarta. Zauna."

Na ba shi maki mai kyau, gama abin da na koya masa shi ya faɗa. Amma da na komo gida sai maganar ta tsaya mini a rai. Yarinyar nan ta yi tambayar da manyan masana su ka daɗe suna yi, mu kuwa mun zaunar da ita da amsa wadda rabinta ba gaskiya ba ne. Laifin nawa ne, ba na ɗalibin ba. Don haka na ga ya kamata in gyara a nan, inda dukanku za ku gani, kafin ku fita ku koya wa yara dubbai abin da na koya muku a karkace. Gaskiyar magana ita ce akwai duniyoyi masu yawa da ba su kewaya kowane tauraro, suna tafe su kaɗai cikin duhu. Hanya biyu ce ta kai su ga haka: waɗansu korarsu aka yi daga gida, waɗansu kuwa tun asali su kaɗai aka haife su.

TAURARO DABAM, DUNIYA DABAM

Mu fara da rarrabe kalmomi. Tauraro ƙaton curi ne na iska mai zafi, yawancinta haidurojin, wanda nauyinsa ya matse cikinsa har ya kama wata irin wuta mai ba da haske shekaru miliyoyi. Ranarmu tauraro ce, kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Duniya kuwa ba ta da wannan wuta. Zara da mu ke gani kusa da wata, muna ce mata tauraruwa, amma duniya ce, hasken Rana ta ke maido mana. Duniyoyi 8 ke kewaya Rana, babbarsu Mushtari, wadda ta yi nauyin Duniyarmu sau 318. Ita Rana kuwa ta yi nauyin Mushtari sau 1,000 da 'yan kai.

Ku riƙe Mushtari ta zama mana mudu. Abin da ya kai nauyinta wajen sau 75 ko 80 yana kama wuta sosai, ya zama tauraro. Wanda ke tsakanin sau 13 da sau 75 sai ya ɗan ci wuta kaɗan ya mutu, shi a ke kira wadan tauraro. Cikin 1995 masana a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen su ka ba da labarin ɗaya daga cikin na farko da aka tabbatar, a cikin taurarin nan da mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta. Abin da bai kai sau 13 ba, ba ya kama wuta ko kaɗan, nauyinsa na duniya ne. Irin waɗannan mu ke magana a kai.

Sai kuma ma'aunin nisa. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 cikin sakan guda, yana isowa daga Rana cikin minti 8 da 'yan kai. Nisan da ya ke ci cikin shekara guda shi a ke kira shekarar haske. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan Rana yana da nisan shekarar haske 4 da kaɗan.

YAYA AKA GA ABIN DA BA SHI DA HASKE?

Dabara biyu ce. Ta fari, duniya sabuwar haihuwa tana da zafi, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. In ka kai hannu kusa da ita cikin duhu ka ji ɗuminta ko ba ka gan ta ba. To, akwai madubin hangen nesa mai ganin wannan ɗumi. Cikin 2000 Philip Lucas da Patrick Roche, mutanen Ingila, su ka duba gajimaren Oriyon da irin wannan madubi daga tsibirin Hawai, su ka ga waɗansu abubuwa masu nauyin duniya ba tauraro kusa da su. A shekarar nan kuma María Rosa Zapatero Osorio ta Sifen da abokan aikinta su ka ga irinsu a wani gungun taurari na kusa da nan. Cikin 2013 Michael Liu ya ba da labarin wata mai suna PSO J318.5-22, nisan shekarar haske 80 daga nan, nauyinta kamar Mushtari 6 zuwa 8, ita kaɗai tilo.

Dabara ta biyu ta fi ban mamaki. Abu mai nauyi yana tanƙwara hasken da ya gitta kusa da shi, kamar yadda gilashin tabarau ke yi. Albert Einstein ya yi lissafin wannan cikin 1936. Idan duniya mai duhu ta ratsa daidai tsakaninmu da wani tauraro na can nesa, sai ta tattaro haskensa, a ga ya ƙara haske na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Tsawon lokacin shi ke nuna nauyin abin da ya gitta. In tauraro ne, makonni. In kamar Mushtari ce, kwana ɗaya ko biyu. In kamar Duniyarmu ce, 'yan sa'o'i. Masana a Niyu Zilan da Cile suna tsaron taurari miliyoyi kowane dare don su kama wannan ƙiftawa. Cikin 2020 Przemek Mróz, mutumin Folan, ya ba da labarin wata da ba ta wuce minti 42 ba, watau abin da ya gitta bai fi Duniyarmu nauyi ba.

YADDA A KE HAIFAR RANA DA 'YA'YANTA

Ba za a gane yadda duniya ke rasa gida ba sai an san yadda gidan ke kafuwa. A tsakanin taurari akwai manyan gizagizai na iska da ƙura, masu tsananin sanyi. Kowane abu yana jan kowane abu, saboda haka in wani sashi na gajimaren ya fi kauri sai ya riƙa jawo na kewaye, yana dunƙulewa. Yana dunƙulewa yana juyawa, yana ƙara sauri. Kun ga yadda babbar riga ke buɗewa in mai ita ya juya da sauri wurin rawa? Haka abin da ke kewayen curin ke bajewa ya zama faifai. Tsakiya ta zama tauraro. A cikin faifan kuwa ƙura ta manne da ƙura ta zama tsakuwa, tsakuwa ta zama duwatsu, duwatsu su ka haɗu su ka zama duniyoyi. Waɗanda su ka yi girma da wuri su ka haɗiye iska mai yawa su ka zama ƙatti irin Mushtari. Haka aka yi da namu gida wajen shekara miliyan 4,600 da su ka wuce.

Abu biyu za ku lura da su. Faifai ɗaya yana haifar duniyoyi da yawa, ba kuwa a jere cikin tsari su ke fitowa ba. Gajimare ɗaya kuma yana haifar taurari ɗaruruwa ko dubbai a cunkushe wuri guda. Daga cunkoson nan biyu rigima ke tasowa.

HANYA TA FARI: KORARRU

Ga inda misalin majajjawa ya gaza. Igiya ƙarfinta ɗaya ne, ko ta riƙe ko ta tsinke. Jan Rana ba ya tsinkewa, amma yana raguwa da nisa: in ka ninka nisa sau 2, jan ya koma kashi 1 cikin 4. Saboda haka akwai iyakar gudun da zai iya riƙewa. Duniyarmu tana kewaya Rana da gudun kilomita 30 a sakan. Da wani abu zai ingiza ta har ta kai kilomita 42 a sakan, da sai ta tafi ba ta komowa. Tsakanin zama da tafiya kilomita 12 ne kawai a sakan.

To, wa zai yi ingizar? Babbar 'yar'uwa. Idan ƙaramar duniya ta bi ta bayan ƙatuwa kusa kusa, ƙatuwar sai ta fizge ta, ta ja ta zuwa inda ita ta nufa, ta sake ta da gudun da ya fi na dā. Wannan ba zato ba ne, mutane sun gwada da hannunsu. Cikin 1977 Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager. Cikin 1979 aka bi da su ta kusa da Mushtari da gangan, ta ƙara musu gudu har ya isa su tsere wa Rana. Abin da Mushtari ta yi wa kumbo, shi ƙatti ke yi wa ƙannensu.

In ƙatti biyu ne ke kusa da juna, kowace kewaya sai su ɗan ja juna, hanyoyinsu su riƙa karkacewa, har ran da za su yi kiciɓis. Sau da yawa ɗaya ta fice, ɗaya ta zauna. Wadda ta zauna ba ta tsira lafiya lau ba, hanyarta da dā ta ke kamar zobe sai ta koma doguwa kamar ƙwai. Frederic Rasio da Eric Ford su ka nuna wannan da lissafi cikin 1996, shekara guda bayan Michel Mayor da Didier Queloz na Siwizalan sun gano duniya ta fari mai kewaya wani tauraro irin Rana. Zuwa 2022 duniyoyin da aka gano a kewayen waɗansu taurari sun wuce 5,000, kuma ƙatti da yawa cikinsu hanyarsu irin ta ƙwai ce. Tabon faɗa ke nan.

Har namu gida ma ana tuhumarsa. Cikin 2011 David Nesvorný ya gwada tarihin gidan Rana da kwamfuta sau da yawa. Ya ga in ya fara da ƙatti 4 da mu ka sani, da wuya tsarin ya fito kamar yadda ya ke yau. In ya fara da 5, Mushtari ta kori ɗaya, sai ya fi dacewa. Wannan lissafi ne, ba ganin ido ba, haka kuma za ku faɗa wa yara. Abin da aka gani da ido shi ne baƙin duwatsu daga waɗansu gidaje suna ratsa namu: ɗaya cikin 2017, ɗaya cikin 2019, ɗaya cikin 2025, kowanne da gudun da Rana ba ta iya riƙewa. Gidan da ke jefar da duwatsu yana iya jefar da abin da ya fi dutse.

Akwai masu kora daga waje kuma. Tun taurari suna cunkushe a wurin haihuwarsu, wani ya kan gitta kusa da wani ya yage masa duniyoyin da ke can gefe, inda jan ya yi rauni. Taurari da yawa kuma biyu biyu su ke, suna kewaya juna, duniyar da ta matso kusa da su sai a yi ta ja-in-ja da ita har a wurgar. Na ƙarshe, mutuwar tauraro. Ƙaton tauraro in ya tsufa ya kan fashe, in kuwa ya zubar da fiye da rabin nauyinsa farat ɗaya, jansa ba ya isa ya riƙe 'ya'yansa, sai su watse.

HANYA TA BIYU: HAIFAFFU SU KAƊAI

Mu koma ga gajimare. Sa'ad da ya ke dunƙulewa ba curi ɗaya ya ke yi ba, tsattsagewa ya ke yi, manya da ƙanana, kamar fura a hannun mai cura ta. Babban curi ya zama babban tauraro, matsakaici ya zama irin Rana, ƙarami ya zama wada. Wanda ya fi wada ƙanƙanta fa? Ya dunƙule sosai kamar sauran, amma nauyinsa bai isa ya kama wuta ba. Ga shi da jikin duniya, haihuwarsa kuwa ta tauraro. Bai taɓa kewaya kowa ba, balle a ce an kore shi.

Wani lokaci kuma curin ya fara da niyyar zama tauraro, aka yanke masa abinci. Ko 'yan'uwansa manya su tunkuɗe shi daga inda iskar ta ke tun bai ƙoshi ba, ko kuwa zafin hasken wani ƙaton tauraro na kusa ya kore iskar da zai ci. Sai ya tsaya a tsumbure.

Shaidar wannan hanya ita ce faifai. Abin da aka haifa kamar tauraro ya kan zo da faifansa na ƙura. An ga haka ga wata mai suna OTS 44, mai nauyin Mushtari wajen 12. Cikin 2025 kuma masu aiki da babban madubin Turawa da ke Cile su ka ba da labarin wata mai suna Cha 1107-7626, nauyinta Mushtari 5 zuwa 10, nisanta shekarar haske 620, tana zuƙar iska da ƙura daga faifanta wajen tan miliyan 6,000 kowane sakan. Jariran taurari aka sani da irin wannan haɗama.

WACE TA BI WACE HANYA?

Nauyi shi ne babban alƙali. Gajimare yana da iyakar tsagewa. In curi ya yi kauri ƙwarai zafin cikinsa ba ya samun mafita, sai ya daina rabuwa. Lissafi ya nuna mafi ƙanƙantar curin da zai fito ta haka ya kai nauyin Mushtari ko 'yan ninkinta. Don haka duk wata maras rana mai nauyin Duniyarmu, a faifan wani tauraro aka haife ta, korarriya ce. Masu nauyi kuwa, kusa da Mushtari 10, da wuya a kore su, gama sai wadda ta kai su ko ta fi su ke iya tunkuɗe su. Yawancinsu haifaffu ne su kaɗai. Na tsakiya sun haɗa iri biyu. Cikin 2021 Núria Miret-Roig da abokan aikinta su ka sami aƙalla 70 a wata mahaifar taurari mai nisan shekarar haske wajen 420, su ka ga yawansu ya wuce abin da tsagewar gajimare kaɗai za ta bayar, watau akwai korarru a ciki.

Ku dubi kuma yadda masana ke gyara junansu, gama darasi ne gare mu. Cikin 2011 Takahiro Sumi na Jafan ya ƙiyasta cewa marasa rana masu girman Mushtari sun kusa ninka taurari sau 2. Cikin 2017 Mróz ya tara ƙiftawa mafi yawa, ya nuna ba su wuce 1 ga kowane taurari 4 ba. Cikin 2023 Sumi da kansa ya komo da sabon lissafi, cewa ƙanana ne su ka fi yawa, har wajen 20 ga kowane tauraro. Wannan ya dace da hankali, gama ƙarami ya fi sauƙin kora. Har wa yau cikin 2023 Samuel Pearson da Mark McCaughrean su ka ce madubin James Webb ya nuna musu wajen 40 a gajimaren Oriyon suna tafe biyu biyu. Abin ya ɗaure kai, don kora ta kan raba abokan tafiya. Waɗansu masana su ka sake dubawa, su ka ce da yawa cikinsu taurari ne na can baya da ƙura ta dushe. Ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa zauna. Kowa awo ya kawo.

YAYA ZAMAN CAN YA KE?

Ba safiya, ba yamma, ba damina, ba rani, ba shekara, gama shekara kewayar Rana ce. Cikin 2014 Kevin Luhman ya gano wata mai suna WISE 0855, nisan shekarar haske 7 da kaɗan, nauyinta Mushtari 3 zuwa 10, sanyinta ya kusa na daskarewar ruwa. Amma cikin duniya ba ya hucewa da sauri. Cikin 1999 David Stevenson ya lissafa cewa korarriya mai girman tamu, in ta tafi da bargon haidurojin mai kauri, tana iya riƙe ɗumin cikinta har ruwa ya zauna bai daskare ba. Ikon Allah ya wuce abin da mu ka zana a allo.

ABIN DA ZA KU FAƊA WA YARA

In yaro ya sake tambayarku, ku ce, "Igiyar ba ta tsinkewa, amma tana da iyakar ƙarfi. Duniyar da aka ingiza ta wuce iyakar nan ta kan tafi, an kuwa ga irinsu. Waɗansu ma ba a taɓa ɗaura musu igiya ba." In ya tsorata ya ce tamu fa, ku kwantar masa da hankali. Tamu tana kusa da Rana inda jan ya ke da ƙarfi, hanyarta nesa da ta Mushtari, taurari kuwa sun yi mana nisa, kuma masu lissafi ba su ga abin da zai raba ta da Rana cikin miliyoyin shekaru masu zuwa ba.

Kada ku yar da majajjawa, ku ƙarasa ta. Ku fita fili da ƙwallon tsumma maimakon dutse, don kada a fasa wa wani kai. Ku wulwula, ku saki, ku sa yara su lura ƙwallon ba ya ci gaba da kewaya, miƙewa ya ke yi ta inda ya fuskanta sa'ad da aka sake shi. Da rani kuma, cikin Disamba ko Janairu, in hazo ya yi sauƙi, ku fita filin ƙwallo bayan sallar lisha ku dubi gabas. Za ku ga taurari 3 a jere, daidai wa daida. Kusa da su akwai waɗansu ƙanana a jere, na tsakiyarsu kamar ɗan hayaƙi. Gajimaren Oriyon ke nan, nisan shekarar haske wajen 1,350, inda aka ga na farkon da na ambata.

Ga tambayoyi 3 ga 'yan ajin ƙarshe, ku kawo mini amsa a rubuce. Ta 1, me ya sa maras rana mai nauyin Duniyarmu ba za ta zama haifaffiya ita kaɗai ba? Ta 2, wace alama ke nuna an taɓa yin kora a gidan wani tauraro? Ta 3, ta wace fuska igiya ta yi kama da jan Rana, ta wace fuska kuma ta saɓa?

Ni kuwa na roƙi hedimasta ya ba ni minti 10 a aji 6 ran Litinin mai zuwa. Zan tafi da ɗalibin nan namu, mu kira yarinyar gaban allo, mu ba ta amsarta. Allah ya sa mu dace.